Na kai zaɓen shago wajen mai lissafin AHP, ga yadda muka kaya

Kusan wata biyu na yi ina safa da marwa tsakanin shaguna uku da nake son kama ɗaya in zuba kayan waya, su caja da gilashi da fawa banki. Ɗaya a Farm Centre, ɗaya a Beirut Road, wuraren kasuwancin waya a Kano, ɗayan kuma nan bakin titin unguwarmu. Kullum in kwana da ra'ayi ɗaya in tashi da wani, har maiɗakina ta gaji da jin maganar. Ƙaninta ne ma ya haɗa ni da wani matashi mai ɗan ofis da yake yi wa 'yan kasuwa lissafin auna zaɓi irin wannan a kwamfuta.

Ba wata manhaja mai tsada ba ce fa, Excel ne kawai ya tsara shi da kyau. Hanyar sunanta AHP, wani masanin lissafi Thomas Saaty ne ya fito da ita a Amurka a shekarun 1970. Ya ce in faɗi abubuwan da suka dame ni game da shago, na ba shi biyar: kuɗin haya, yawan masu wucewa, wuta, tsaro da kuma nisa daga gida. Sai ya shiga haɗa min su bibbiyu, "Alhaji, haya da tsaro wanne ya fi maka, kuma da nawa, daga 1 zuwa 9?" In ka ce 1 kunnen doki ke nan, 9 kuwa ɗaya ya yi wa ɗayan fintinkau. Abu biyar tambaya 10 ce, sannan a dawo a gwada shagunan uku a ƙarƙashin kowane abu, wasu 15 ke nan, wallahi tun kafin mu kai rabi shayin da ya kawo min ya huce.

Inda kuɗina ya halatta shi ne nan. Na ce masu wucewa sun fi min haya, na ce haya ta fi min nisa, can gaba kuma ban ankara ba na ce nisa ya fi masu wucewa muhimmanci. Kawai sai wani ɗan akwati a allon ya koma ja. Yaron ya yi murmushi ya ce Alhaji maganarka ta ci karo da juna, akwai awon da ake yi, in ya haura 0.1 sai an sake amsa tambayoyin. Na yi shiru, don gaskiya ashe ba ciniki nake ta auna wa ba duk wata biyun nan, gosulo nake gudu da kuma ɗauko yara daga Islamiyya, amma bakina ya ƙi faɗa.

Bayan na gyara sai ya sake bi da wata hanyar, TOPSIS, ta wasu masana, Hwang da Yoon, ta 1981, ita kuma tana ƙera shagon mafarki wanda ya fi kowanne a komai da kuma mafi muni, sai ta duba wanne ya fi kusa da na farkon ya fi nisa da na biyun. Duka biyun Farm Centre suka ɗora a sama, na biyu da na uku ne suka yi musaya.

Abin da bai min ba kuwa, yawan masu wucewa ƙiyasi na yi daga kaina kuma bai ce in je in tsaya in ƙirga ba, ya shigar kawai, alhali shi ya fi kowanne nauyi a lissafin. Sannan da na ce a ƙara wani shago na huɗu da dillali ya nuna min, sai jerin na ƙasa ya birkice duk da ban canja amsa ko ɗaya ba. Sai da na matsa ya ce ai tsohuwar matsala ce ta AHP, wasu masana, Belton da Gear, sun nuna ta tun 1983. To me ya hana ka faɗa min tun farko malam? Fayil ɗin ma ya hana ni, takarda ya buga min shafi biyu.

Tauraro uku da rabi na ba shi cikin biyar. Shagon dai na kama, yaran kuma yanzu mai adaidaita ne yake ɗauko su, kuɗinsa bai shiga lissafin ba.