Hutu a Sifaniya: Ƙofar da Alfarma Ba Ta Buɗewa

'Yan uwa da abokan arziki sun yawaita tambayata yadda ake shirya zuwa hutu Sifaniya, musamman masu marmarin ganin biranen Andalus da muka taso muna jin sunayensu a bakin malamai. Amsar da ta fi sauƙi a wurina ita ce in ba ku labarin abin da ya sami kawuna a Granada, domin rabin shawarar da zan bayar tana cikinsa.

Kawu ya zo da iyalinsa, kuma babban burinsa shi ne ya ga Alhamra, fadar sarakunan Banu Nasr da aka fara ginawa a 1238, wadda ta kasance a hannun Musulmi har 1492, lokacin da sarkinta na ƙarshe, Abu Abdullahi, ya miƙa garin ga Ferdinand da Isabella. Mutum ne mai zuwa karatun Ashafa kowane azumi, kuma tun da ya ji cewa Alƙali Iyal, marubucin littafin, ya taɓa alƙalanci a wannan gari ya ƙudurta sai ya taka shi. Na sayi tikitinmu ta intanet makonni kafin su taso, domin a lokacin da baƙi suka yi yawa tikitin kan ƙare tun da wuri. Kowane tikiti yana ɗauke da sunan mai shi da lambar fasfonsa, sannan an rubuta lokacin shiga ɗakunan fadar, namu ƙarfe 10:30 na safe. Da safiyar ranar Kawu ya yi karin kumallo a natse, ya amsa wayar yaran shagonsa, ya sauya hula, ni kuwa ina tsaye ina duban agogo. Da na ce, "Kawu, lokaci fa yana tafiya," sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗana, gidan da ya haura shekara ɗari bakwai a tsaye, yau ne zai gudu?"

Mun isa bakin ƙofar ɗakunan bayan ƙarfe 11. Ma'aikaciyar da ke tsaye ta ɗora na'urarta a kan tikitin, ta duba, ta ce cikin ladabi lokacinmu ya wuce, kuma wanda lokacinsa ya wuce ba ya shiga. Kawu ya ce in gaya mata takanas muka zo daga Najeriya. Na gaya mata, ta ce ta tausaya mana ƙwarai. Ya ce to ta kira mana babbansu, ta ce ko babban ya zo abin da zai faɗa ke nan. Daga nan na ga hannun Kawu ya nufi aljihun gaba na rigarsa, inda na san yake ajiye na goro, sai na riƙe hannun a hankali na ce, "Kawu, don Allah a bar wannan, a nan yana iya zama laifi." Ya dube ni, ya dubi layin mutanen da ke wucewa ɗaya bayan ɗaya, bai sake cewa uffan ba.

Abin da ya fi yi wa Kawu zafi shi ne ba a yi masa rashin kunya ba, balle ya sami wanda zai huce a kansa. Matar ba ta ɗaga murya ba, ba ta harare mu ba, har ta nuna mana sassan da tikitinmu ke iya shiga. Ana cikin haka wani tsohon Bature mai sanda ya zo a makare, shi ma aka mayar da shi da irin kalmomin da aka mayar da mu. A wannan lokaci na ji kewar gida ta taso mini, domin a wurinmu furfurar dattijo kaɗai ta isa a buɗe masa ƙofa, kuma mutumin da ya ƙetaro teku ba za a juya shi a kan minti talatin ba. Sai dai wannan tsananin da ya hana Kawu shiga shi ne ya sa zanen bangon yake nan har yau. An ƙayyade yawan masu shiga a kowane lokaci saboda ɗakunan ƙanana ne, adon kuma na farar ƙasa ne mai saurin lalacewa. Da a ce kowa yana shiga da alfarma, da hannuwa sun daɗe da shafe rubutun "wa la galiba illallah" da aka sassaƙa a bango bayan bango. Mu da muke da badalar Kano da hasumiyar Gobarau, mun san yadda ake yanka badala a yi shago, a ɗebi ƙasarta a yi bulo, kowa kuma yana da wanda ya tsaya masa.

Kawu bai ga farfajiyar zakuna 12 na marmara masu ɗauke da maɓulɓular ruwa ba, kuma ba a sami wani tikiti ba a kwanakin da suka rage musu. Mun zaga ganuwar sojoji da lambunan Generalife, inda ruwa ke gudana a ƙananan magudanai tsakanin furanni, sannan muka hau unguwar Albaicín muka yi azahar a masallacin da aka buɗe a 2003, wanda daga lambunsa ake hango fadar gaba ɗaya da duwatsun Sierra Nevada a bayanta. Saboda haka duk mai niyyar zuwa ya sayi tikitin Alhamra tun yana gida, daga shafin hukumar wurin, ya riƙe fasfonsa na ainihi a jikinsa ranar shiga, kuma ya isa da awa guda a hannu, domin daga babbar ƙofa zuwa ɗakunan akwai 'yar tafiya.

Haka lamarin yake tun daga biza. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 a yi tafiya, kuma wanda ya bari sai saura mako biyu ya jefa kansa cikin roƙon da ba mai saurare. Kuɗin bizar Schengen, wadda ake shiga Sifaniya da ita, yuro 90 ne tun 2024, ana buƙatar inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000, fasfo kuma ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar dawowa, tare da shaidar cewa mutum yana da abin kashewa sama da yuro 100 a kowace rana. Ga masu cewa "ai wurinka zan sauka", ku sani cewa saƙon waya ba gayyata ba ne. Sai mai masaukin ya je ofishin 'yan sanda ya nemi takardar gayyata ta hukuma, ya biya kuɗi, ya jira makonni, sannan ya aiko da ita. Ku sanar da mu da wuri.

Tsakanin birane jirgin ƙasa mai sauri ya fi komai. Layin Madrid zuwa Sevilla, wanda aka buɗe a 1992, yana cin kamar awa biyu da rabi zuwa uku, jirgin kuma yana bi ta Kurɗuba, wadda za ku ga an rubuta Córdoba a kan allo. Kamfanoni irin su Renfe da Iryo da Ouigo suna gogayya a kan manyan layuka, kuma farashi yana hawa ne gwargwadon kusantowar ranar tafiya, har kujerar da aka saya da arha wata guda kafin lokaci ta ninka a ranar. Ana duba kaya da na'ura kafin a shiga, ana rufe ƙofar shiga 'yan mintuna kafin tashi, kuma wannan ba motar tasha ba ce da ke jiran ta cika ko direba ya jira wanda ya tafi alwala.

Game da lokacin zuwa, kada kowa ya ce shi ɗan Sakkwato ne zafi ba ya ba shi tsoro. A Yuli da Agusta zafin Sevilla da Kurɗuba yakan haura digiri 40, kuma mai yawon buɗe ido a ƙafa yake wuni, magariba kuma ba ta yi sai wajen ƙarfe 9 na dare ko bayan haka. Mayu da Oktoba sun fi daɗi. A guji makon bikin Ista, lokacin da tituna ke cika da jerin gwano kuma kuɗin otal ya tashi. A Kurɗuba, garin su Imam Alƙurɗubi, babban masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen 785 ya koma coci tun 1236, kuma ba a yarda a yi salla a ciki ba. Mutum ya shiga ya ga ginshiƙai da bakuna masu ratsin ja da fari, ya ga mihirabin, ya fito ya nemi masallaci a cikin gari. Masu gadi suna lura, kuma jayayya da su ba ta haifar da komai sai ɓacin rai.

Abinci shi ne abin da ya fi gajiyar da ni a ƙasar nan. Ana cin na rana daga ƙarfe 2 zuwa 4, na dare kuma daga ƙarfe 9, wanda ya shiga gidan abinci ƙarfe 6 na yamma zai tarar da madafa a rufe. Naman alade kuwa ba a ɓoye yake ba, cinyoyinsa a rataye suke a saman kanta, kuma yana shiga inda ba a zato: cikin miyar wake, a barbaɗe kan miyar tumatir mai sanyi, a cikin soyayyen ƙullin fulawa, har da kitsensa a wasu kayan zaƙi. Ku haddace kalmomi huɗu masu nuna akwai alade don duba takardar abinci da jikin fakiti, wato cerdo, jamón, chorizo da manteca, kuma ku tambaya ko da abincin ya yi kama da ganye zalla, domin mai kawo abinci zai iya cewa babu nama alhali akwai ɗan yankan alade, shi a ganinsa wannan ɗanɗano ne kawai. Soyayyen kifi da wainar ƙwai da dankali sun fi kwanciyar hankali, sannan akwai mahautan halal na 'yan Maroko a yawancin birane, da gidajen shayi da abinci a titin Calderería Nueva na Granada. Duk da haka ku zo da yajinku, in da hali ku riƙo mini kuka da daddawa, domin man zaitun komai kyansa bai taɓa kashe mini kwaɗayin tuwo da miyar kuka ba. Kilishi kam ku bar shi a gida, ba a shigowa da nama Tarayyar Turai, kuma a filin jirgi za a ƙwace shi.

Ruwan famfo ana shansa, kuma doka ta wajabta wa gidajen abinci su bayar da shi kyauta idan an nema. Kantin magani, mai alamar koren gicciye, ba ya sayar da maganin kashe ƙwayoyin cuta sai da takardar likita, saboda haka al'adarmu ta zuwa kemis a haɗa mana magani ba ta aiki, mai ciwon suga ko hawan jini ya zo da nasa da takardarsa. Lambar gaggawa 112 ce. A saka ƙaramar buta ta roba a akwati, domin ba a samunta a banɗaki, da adaftar caji mai ƙafa biyu zagayayyu, tunda filoginmu mai ƙafa uku ba ya shiga soket ɗinsu. A biranen Andalus ƙananan shaguna da yawa suna rufewa daga ƙarfe 2 zuwa 5, ranar Lahadi kuma har manyan kantuna galibi a rufe suke. 'Yan sane suna nan, musamman a Barcelona da cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa, kuma aljihun gefe na kaftani ba wurin ajiye waya ko fasfo ba ne.

Ga masu tsaraba, takalman fata da man zaitun da za'afaran na ƙasar nan suna da kyau, kuma wanda ba mazaunin Tarayyar Turai ba ne yana da haƙƙin a mayar masa da harajin kayan da ya saya. Sai ya nemi takardar mayar da haraji a shagon tun lokacin biya, da fasfonsa a hannu, sannan a filin jirgi ya tabbatar da ita a na'urar DIVA kafin ya miƙa akwatunansa, domin jami'in kwastan yana iya cewa a nuna masa kayan.