Fedar murya ko atinuweta: wanne ya dace da mai gita a Jidda?

Ɗan'uwa, ka ce kana da amfilifayar gita Fender Hot Rod Deluxe mai wat 40, kana zaune a gidan haya a Jidda, kuma da zarar maɓallin murya ya wuce 1 ya doshi 2 sai bene ya ɗauka, maƙwabta su aiko haris, wato mai gadin bene. Kana tambaya wanne za ka saya, fedar murya da ake takawa da ƙafa, ko atinuweta, na'urar da ke rage ƙarfin da ke zuwa sifika. A naka yanayin, feda nake ba ka shawara. Amma bari ka ji dalili, domin ba aiki ɗaya suke yi ba.

Amfilifayarka sashe biyu ce. Na farko yana da ƙananan kwalaben lantarki (tube) 12AX7, su ke gyara sautin gita su ba shi kaushi. Na biyu shi ne sashen ƙarfi, inda manyan kwalabe 6L6 guda biyu ke tura sifika. Feda tana rage sauti kafin ya shiga sashen ƙarfi. Atinuweta kuwa sai sashen ƙarfi ya gama aikinsa take tare shi, tsakaninsa da sifika.

Ita feda, inda ka jona ta shi ne komai. In ka sa ta tsakanin gita da amfilifaya, aikin maɓallin jikin gitar kawai za ta yi: murya ta ragu, kaushin ma ya tafi. Dabarar tana saman akwatin, a jeren maɓallai. Leƙa za ka ga rami biyu, Preamp Out da Power Amp In. Ɗauko waya daga na farko zuwa feda, wata daga feda zuwa na biyu. Shi ke nan, sai ka buɗe maɓallin zuwa 4 ko 5, sashen farko ya sake jiki, kai kuma kana danne muryar da ƙafa. A nan feda mai ƙaramar turjiyar lantarki ake so, irin Boss FV-500L ko Ernie Ball VP Jr mai 25k. Mai 250k ta gaban amfilifaya ce, in ka sa ta a waɗannan ramukan sautin yakan dushe.

Abin da feda ba za ta ba ka ba shi ne muryar manyan kwalabe idan sun ji wuta, wannan kaurin da sauti ke yi yana ɗan matsewa ƙarƙashin yatsa. Wannan sai atinuweta. Tana barin amfilifaya ta yi aiki da dukkan ƙarfinta, ta shanye yawancinsa ta mayar da shi zafi, ta saki kaɗan zuwa sifika. Kamar mai taka totur ne yana riƙe da birki: motar a hankali take tafiya, amma inji yana shan wahala. Don haka 6L6 ɗinka za su tsufa da wuri. Ga kuma zafin, wanda a Jidda ba abin rainawa ba ne. Kada a ɗora mata littafi ko a cusa ta cikin akwatin amfilifaya, a bar ta ta sha iska.

Tana da sharuɗɗa da ba a wasa da su. Om ɗinta, wato ma'aunin turjiya, ya dace da na amfilifaya, taka 8 ce. Ƙarfin da take ɗauka ya zarce wat 40 sosai, domin amfilifaya mai kwalabe in an ƙure ta tana wuce abin da aka rubuta a jikinta. Wayar sifika za ka jona, ba wayar gita ba. Kuma kada ka kunna amfilifayar alhali ba sifika ba atinuweta a jone, taransifomarta na iya ƙonewa. Ita ma feda, ko da wasa kada ta shiga hanyar sifika, nan take za ta babbake.

Masu arha, irin Bugera PS1, turjiya zalla suke amfani da ita, kuma in an rage da yawa sautin yakan rasa sheƙi. Irin Tone King Ironman II ko Universal Audio OX suna kwaikwayon halin sifika, sun fi daɗin ji, sai dai kuɗinsu ya ninka na feda sau da yawa.

Akwai lissafin da ke ba mutane mamaki: ka rage ƙarfi daga wat 40 zuwa 4, kunne rabin murya kawai zai ji ya ragu. Ke nan kafin ka kai muryar da za a iya ji bayan Isha'i ba tare da an dami masu barci ba, sai ka danne atinuweta matuƙa, a daidai wurin da ta fi ɓata sauti, sifikar ma da ƙyar take motsi. Shi ya sa ban ga ribar riyal ɗinka a nan ba, balle Hot Rod ɗin da yawancin kaushinta daga sashen farko yake fitowa.

Da a ce Deluxe Reverb ta '65 gare ka, mai wat 22, wadda ba ta da waɗancan ramukan biyu kuma ba ta da babban maɓallin murya, da atinuweta zan ce ka nema. Haka ma in kana kiɗa a istiraha, wato gidan biki, tare da mai ganga, inda rage kaɗan ya wadatar. Amma ga atisaye a ɗaki, sayi fedar 25k da gajerun wayoyi biyu masu kyau, ka mayar da ita ƙasa gaba ɗaya kafin ka kunna, sannan ka riƙa ɗagowa sannu a hankali.