Room a Android: Yadda Yake Riƙe Rumbun Bayanai Idan Siga Ta Canza

Ƙirƙirar rumbun bayanai a cikin waya aiki ne na yini ɗaya. Wahalar tana zuwa ne ranar da manhaja ta riga ta shiga hannun jama'a, kowa ya zuba bayanansa na watanni, sannan aka ga dole a ƙara ginshiƙi a tebur ko a canza irin abin da ake ajiyewa a cikinsa. Da wannan ma'aunin ya kamata a auna Room, laburaren da Google ta gabatar a taronta na I/O na 2017, sigarsa ta 1.0 ta fito a Nuwamban shekarar. Kyauta ne a ƙarƙashin lasisin Apache 2.0. Kuma ba sabon rumbu ba ne, SQLite ne dai a ƙasa, wanda D. Richard Hipp ya fara fitarwa a 2000. Room riga ce kawai aka ɗinka masa.

Kafin a yaba ko a kushe, sai an san abin da ke faruwa a ƙarƙashin rigar. Kowane fayil na SQLite yana da wata lamba a goshinsa, bayit 4 da ke farawa daga bayit na 60, wadda ake karantawa da PRAGMA user_version. Sabon fayil yana zuwa da 0. Duk lokacin da aka buɗe rumbu, ajin SQLiteOpenHelper na Android yana kwatanta wannan lamba da wadda mai manhaja ya rubuta a kod. Idan ta fayil 0 ce, a kira onCreate a gina tebura. Idan ta fayil ta gaza, a kira onUpgrade. Idan ta fayil ce ta fi girma, a kira onDowngrade, wanda in ba a rubuta masa komai ba kuskure yake jefowa. Duk aikin yana gudana a dunƙule: ko ya kammala gaba ɗaya, ko a mayar da fayil yadda aka same shi. Iyakar abin da tsohon tsarin ke bayarwa ke nan. Lamba yake dubawa, ba ruwansa da ko teburan da ke ciki sun yi daidai da abin da kod ke tsammani. Mutum zai iya mantawa da ginshiƙi guda a onUpgrade, lamba ta hau zuwa 5, kowa ya ɗauka lafiya lau, sai ranar da wani ya taɓa allon da ke karanta ginshiƙin manhaja ta rufe kanta.

Wannan ramin Room ya zo cikewa, kuma ya cike shi da kyau. Ana bayyana tebura a matsayin azuzuwa masu alamar @Entity, tambayoyi a cikin @Dao, lambar siga a kan @Database. Lokacin harhaɗa kod, Room yana duba kowace tambayar SQL, wato yaren da ake magana da rumbu, ya tabbatar tebur da ginshiƙin da ta ambata suna nan, don haka kuskuren harafi ɗaya a suna ba ya kaiwa ga waya. Daga tsarin teburan kuma yana fitar da wani tambari, ya ajiye shi a wani ɗan tebur nasa mai suna room_master_table, a layi mai lamba 42. Duk buɗewa sai ya kwatanta. Wanda ya canza tsari bai ƙara lambar siga ba, nan take zai ga saƙon da ke cewa Room ba zai iya tabbatar da ingancin bayanai ba. Da yawa suna jin haushin saƙon, su cire manhaja daga wayar gwaji su sake sa ta, saƙon ya ɓace, su ci gaba da aiki. Kada a yi haka idan sigar da ta gabata ta riga ta fita. Abin da wayar gwaji ta nuna shi ne abin da zai sami duk mai sabuntawa.

Abu na farko da za a yi ranar da aka fara aiki shi ne a bar exportSchema a kunne, a nuna wa Room babban fayil ɗin da zai riƙa zuba tsarin kowace siga. Zai riƙa rubuta 1.json, 2.json, 3.json, kowanne ɗauke da ainihin jimlar CREATE TABLE ta wannan siga. A sa su a Git, ma'ajiyar tarihin kod, tare da kod ɗin, kuma wanda sigarsa ta fita kada a sake taɓa shi. Ƙaura ita ce mayar da rumbu daga tsohuwar siga zuwa sabuwa. Idan babu waɗannan fayiloli, babu ƙaura ta kai-tsaye, wato wadda Room ke rubutawa da kansa, babu gwajin ƙaura, kuma bayan shekara biyu ba wanda zai iya rantsuwa kan yadda teburin siga ta 3 yake.

Ƙaura ta hannu aji ne ƙarami: daga siga kaza zuwa siga kaza, ga SQL ɗin da za a gudanar, sai a miƙa shi ta addMigrations. Mu ɗauki manhajar da ke ajiye awo, mai tebura biyu, aiki da awo, kowane awo yana rataye da aikinsa. Ƙara ginshiƙi layi ɗaya ne:

ALTER TABLE awo ADD COLUMN bayani TEXT NOT NULL DEFAULT ''

Ko a wannan layin akwai tarko. SQLite ba ya yarda a ƙara ginshiƙi mai NOT NULL sai da abin cike gurbi, shi ya sa aka sa DEFAULT. To idan ba a rubuta irin wannan defaultValue a @ColumnInfo na ajin ba, Room ba zai yi ƙorafi ba, domin yana duba ƙimar ne kawai idan ajin ya bayyana ta. Sakamakon shi ne jama'a sun rabu gida biyu: waɗanda suka sabunta suna da DEFAULT a teburinsu, waɗanda suka sauke manhaja sabuwa ba su da shi. Shiru za a ji har ranar da wani ya ƙara defaultValue a ajin, sai kashi na biyu su fara faɗuwa, kuma gyaran sai an sake gina tebur. Damar bayyana wannan ƙima ta shigo ne a siga ta 2.2.0, saboda haka tsofaffin manhajoji da dama suna ɗauke da wannan rabuwar ba su sani ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne canjin da ALTER TABLE ba ya iyawa. SQLite ya samu RENAME COLUMN a 3.25.0 ta 2018, DROP COLUMN kuma a 3.35.0 ta 2021, amma SQLite ɗin da manhaja ke amfani da shi na cikin wayar ne. Android 10 yana tafe da 3.22, Android 11 da 3.28, kuma sai a Android 14 aka tsallake 3.35. Ke nan jimlar da ta yi aiki sumul a sabuwar wayar mai rubuta kod za ta kashe manhaja a wayar da ta kwana biyu. Canza nau'in ginshiƙi kuwa ba a yin sa da ALTER ko kaɗan. Hanyar ita ce ta gargajiya: a gina sabon tebur da sunan wucin gadi, a kwafo layuka da INSERT da SELECT ana ambaton kowane ginshiƙi da sunansa, a rushe tsohon, a mayar wa sabon da sunan asali, sannan a sake gina fihirisa, wato jerin da ke saurinta bincike a tebur, domin suna tafiya tare da teburin da aka rushe. Sunan fihirisa ma Room yana duba shi. Nasa salon shi ne index_awo_aiki_id, wato kalmar index, sunan tebur, sunan ginshiƙi. Mafi sauƙi a buɗe fayil ɗin JSON na sabuwar siga a kwafo jimlar yadda take.

Bayan ƙaura, Room yana karanta ainihin tsarin da ke cikin fayil ya gwada da wanda yake tsammani: sunaye, nau'i, NOT NULL, babban mabuɗi, mabuɗan alaƙa, fihirisa. Idan sun saɓa, sai ya jefo kuskure tun ba a rufe aikin ba, komai ya koma baya, bayanai su tsira a tsohuwar siga. Wannan shi ne mafi darajar abin da laburaren ke bayarwa. Sai dai saƙon kuskuren ya daɗe yana wahalar da mutane: dogayen layuka biyu, Expected da Found, kowanne cike da bayanan dukkan ginshiƙai, bambancin kuma wataƙila kalma ɗaya ce, true a nan false a can. A kwafe su zuwa kayan kwatanta rubutu, ido kaɗai ba ya wadatarwa. Kuma a tuna, bayanai sun tsira amma manhaja ba ta buɗuwa har sai gyara ya fito, mai waya kuwa idan ya gaji sharewa zai yi da hannunsa.

Ga iyakar tsaron nan, kuma ita ce abin da ya fi kamata a riƙe: Room siffa yake dubawa, ba ya leƙa abin da ke ciki. A ce an yanke shawarar daina ajiye tsawo a mita da REAL, nau'in lamba mai ɗigo, a koma santimita da INTEGER, nau'in cikakkiyar lamba. Ƙaura ta ninka kowace ƙima da 100 ta yi mata CAST, wato ta juya ta zuwa INTEGER. Layin da ke ɗauke da 19.99 zai fito 1998, saboda a lissafin kwamfuta 19.99 sau 100 yana ba da 1998.9999999999998, CAST kuma yanke wutsiya yake yi. Room zai duba ya ga INTEGER ne, NOT NULL ne, ya sa hannu. Sai an sa ROUND kafin CAST ake samun 1999. Haka nan idan SELECT ɗin kwafi ya musanya ginshiƙai biyu masu nau'i ɗaya, ko aka manta kwafin ɗungurungum aka bar tebur fanko, duk zai wuce.

Maganin yana cikin kunshin room-testing, wato MigrationTestHelper, kuma kayan aiki ne mai kyau ƙwarai. Da createDatabase ake gina rumbu a tsohuwar siga daga fayil ɗin JSON, a zuba layuka da ɗanyen SQL, a rufe, a kira runMigrationsAndValidate. Shi ma siffa kaɗai yake tabbatarwa, don haka bayan ya gama sai a karanto layukan a ƙirga su, a duba ƙimominsu ɗaya bayan ɗaya. A zuba masu wuyar sha'ani: NULL, rubutu fanko, lamba mai ɗigo irin ta sama, aiki ɗaya mai awo da yawa a tebur na biyu. A kuma gwada doguwar tafiya daga siga ta 1 har ta ƙarshe, domin akwai masu tsallake sabuntawa goma, akwai kuma wanda Auto Backup, tsarin adana kwafin bayanan manhaja da ya fara tun Android 6.0, zai dawo masa da tsohon rumbu a sabuwar waya. Room yana jera ƙaurorin da kansa, 1 zuwa 2, 2 zuwa 3, kuma idan an rubuta gajeriyar hanya daga 1 zuwa 4 ita zai ɗauka. Dalili ke nan da ya sa ba a goge tsohuwar ƙaura, ba a kuma kiran DAO ko wani suna daga kod na yau a cikinta. SQL ɗinta ya tsaya cak yadda aka rubuta shi ranar farko.

Ƙaura ta kai-tsaye, @AutoMigration, ta zo da siga ta 2.4.0 a ƙarshen 2021. Room yana kwatanta fayilolin JSON biyu ya rubuta SQL da kansa, har da sake gina tebur. Inda ya ga suna ya ɓace wani ya bayyana, ba ya yin kirdado, sai ya tsayar da harhaɗawa ya nemi a faɗa masa da @RenameColumn ko @DeleteColumn. Wannan hali abin yabo ne. Don ƙara tebur, ƙara ginshiƙi ko fihirisa, a yi amfani da shi ba tare da fargaba ba. Raba ginshiƙi ɗaya gida biyu ko juya mita zuwa santimita aikin hannu ne, kuma idan an rubuta duka biyun a kan siga ɗaya, ta hannun ce ke gudana.

Abin da ya fi cancantar kushe shi ne fallbackToDestructiveMigration. Layi ɗaya ne, yana kashe saƙon kuskure nan take, shi ya sa yake yawo a misalan koyo. Ma'anarsa: idan ba a sami hanyar ƙaura ba, a rushe tebura a gina sababbi. Ga rumbun da ke riƙe kwafin abin da ke kan saba, wato babbar kwamfutar da ke nesa, babu laifi. Ga rumbun da shi kaɗai ke riƙe da abin da mutum ya rubuta da hannunsa, ranar da wani ya ƙara lambar siga ya manta bai yi rajistar ƙaura ba, komai ya tafi, kuma babu faɗuwar da za ta bayyana a rahoto. Akwai 'yan'uwansa masu linzami, fallbackToDestructiveMigrationFrom da ke ambaton takamaiman sigogi, da wanda ke aiki kawai idan siga ta koma baya. Su suka fi dacewa.

Mai ƙaura daga SQLiteOpenHelper zuwa Room sai ya ƙara lambar siga ya ba da ƙaura ko da fanko ce, sannan ya shirya wa nau'o'i. Room huɗu ya sani: INTEGER, TEXT, REAL, BLOB. VARCHAR zai wuce a matsayin TEXT, amma ginshiƙin da aka kira DATETIME ko BOOLEAN ba zai dace da komai ba, sai an sake gina teburin. Akwai kuma wani alheri da Room ke yi a ɓoye: yana kunna mabuɗan alaƙa ne bayan an gama ƙaura. A tsohon tsari, wanda ya kunna su a onConfigure sannan ya rushe teburin aiki a onUpgrade, ON DELETE CASCADE, ƙa'idar da ke goge awo idan an goge aikinsa, zai share masa dukkan layukan awo, kuma kashe su da PRAGMA a tsakiyar aikin ba ya tasiri.

Wasu ƙananan abubuwa da ke cin mutane: kiran build ba ya buɗe rumbu, tambaya ta farko ce ke buɗe shi, don haka ita ke ɗaukar nauyin ƙaura. Tebur mai layuka dubu ɗaruruwa yana buƙatar lokaci da sarari na kwafi biyu, allon farko ya zama a shirye ya jira. A yawancin wayoyi kuma Room yana aiki da WAL, tsarin da ke fara zuba sabon rubutu a fayil na gefe, don haka fayiloli uku ne, na asali da mai -wal da mai -shm. Wanda ya kwafi na asali kaɗai yana iya barin sababbin rubuce-rubuce a baya.

Ga manhajar Android zalla, Room ya fi SQLiteOpenHelper nesa ba kusa ba, kuma daga siga ta 2.7.0 ta 2025 yana aiki da Kotlin Multiplatform, hanyar rubuta kod ɗaya don Android da wasu dandamali, tare da damar ɗauko nasa SQLite a cikin manhaja, abin da ke kawar da matsalar tsofaffin wayoyi, sai dai yana ƙara wa manhaja nauyi. Wanda ya fi son rubuta SQL da kansa tun daga tushe ya duba SQLDelight, inda kowace ƙaura fayil ce mai ƙarshen .sqm. Masu gina manhaja da Flutter da ke amfani da laburaren sqflite kuwa suna kan tsohon tsarin onCreate da onUpgrade, binciken siffa bayan ƙaura sai sun rubuta nasu.