Akadamin ƙwallo na unguwannin Zariya: horo akwai, amma ina ƙofar babban kulob?

Daga Tudun Wada zuwa Gyallesu, daga Sabon Gari zuwa Samaru, da wuya ka sami unguwar da babu kocin da ke tara yara bayan la'asar da sunan akadami. Ana sayen fom, ana biyan kuɗin wata, wani wurin har da na jesi da na mota in za a je wasa Kaduna ko Kano. A zuciyar uba, hanya ya saya: yau ɗansa na shan ƙura a filin firamare, gobe yana cikin rigar Kano Pillars ko ta wani kulob a Turai. Wannan sharhi ya haɗa ƙananan akadamin nan ne a dunƙule, domin aikinsu kusan ɗaya ne, kuma wuri ɗaya suke tuntuɓe. A ganina, daga shekara 8 zuwa 14 kuɗin da uba ke biya bai faɗi ƙasa banza ba. Daga 16 zuwa sama kuwa, mafi yawansu ba su da abin da ake biyansu dominsa.

A fara da yabo, don sun cancanta. Filayenmu jar ƙasa ce mai tauri, da rani ƙwallo tsalle take yi yadda ta ga dama, don haka yaron da ya koyi tare ta a nan ƙafarsa na da laushi, idonsa na da sauri. Yawancin kocin nan ba riba suke ci ba. Wani daga aljihunsa yake sayen ƙwallo, shi ke bin yaro har gida in ya daina zuwa, shi ke tsayar da wasa in an kira salla. Uban da burinsa ɗansa ya sami lafiyar jiki, ya nisanci majalisar banza, ya iya taka leda, ya sami abin da ya biya.

Amma tsaya a bakin fili ka ƙirga. Yara arba'in, ƙwallo uku ko huɗu, koci ɗaya da usur. Tsakanin la'asar da magariba abin da ke hannu bai wuce awa ɗaya da rabi ba. Minti ashirin sun tafi a zagayen fili, sai a ja dogon layi, kowa ya jira a turo masa ƙwallo ya buga raga sau ɗaya ya koma baya. A ƙarshe a raba su gida biyu a babban fili, ɗan shekara 10 da ɗan 16 a wuri guda. Ƙaramin zai iya tashi bai taɓa ƙwallo sau ashirin ba. Abin da ya dace shi ne ƙwallo ɗaya ga yara biyu, mai lamba 4 ga 'yan ƙasa da 13, mai lamba 5 ga manya, a yanka filin gida-gida a yi huɗu da huɗu ko bakwai da bakwai, kowa da tsaransa. Wannan tsari ne kawai, ba ya cin wani kuɗi mai yawa, kuma akadamin da ke yin haka ta yi wa sauran nisa ko da filinta ya fi muni. Masu tsaron raga su suka fi shan wahala: da wuya ka ga mai koya musu faɗuwa da fitowa kama kwana, sai dai a jibge su a raga a yi ta dirka musu ƙwallo.

Takalmi ma akwai gyara. But mai dogayen ƙusoshi na jiƙaƙƙiyar ciyawa ne. A busasshiyar ƙasa ba ya nutsewa, nauyin jiki sai ya taru a kan ƙusa shida, ga kanta, ga targaɗe. A sayi mai ƙananan haƙoran roba masu yawa, ko na gwanjo ne a kasuwar Sabon Gari, muddin tafinsa bai tsage ba. Sannan ciwon nan da yara 'yan 12 zuwa 15 ke kuka da shi a ƙasan ƙoƙon gwiwa, wurin ya ɗan kumbura, ba ragwanci ba ne. Ƙashi ne ke tsawo da sauri, jijiyar cinya na jan wurin da bai gama ƙwari ba. Maganinsa rage tsalle da gudu na wasu makonni, a riƙa miƙar da cinya, in ya ƙi a kai shi asibiti. Kocin da ya ba yaro ƙwaya don ya daure ya gama wasa, a ɗauke yaron daga hannunsa a ranar. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti ashirin da ake kira FIFA 11+, kyauta yake a intanet, bincike ya nuna yana rage rauni da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kaɗan ne ke amfani da shi.

Duk wannan mai gyaruwa ne. Babbar matsalar tana gaba, kuma sai an duba ta da idon kocin babban kulob za a gane ta. Gasar NPFL, babbar gasar ƙwallo ta Najeriya, kulob 20 ne, wasa 38 a kaka, huɗu ke faɗuwa. Koci ya san in aka doke shi sau uku a jere, musamman a gida, kujerarsa na rawa. In aka ajiye masa ɗan shekara 27 da ya saba da tafiyar kwana biyu a mota da ihun 'yan kallo, da kuma ɗan 18 mai gwaninta wanda bai taɓa wasan maki ba, na farkon zai ɗauka. Ba ƙiyayya ba ce, abincinsa yake karewa. Tambayar da yake yi game da yaro ita ce: wasa nawa ya buga da manya, na minti 90, inda ake rubuta sakamako? Ɗan tsakiya a wannan mataki yana cin kusan kilomita goma a wasa ɗaya, kuma ƙwallo ba ta zama a ƙafarsa fiye da 'yan mintuna ƙalilan. Sauran lokacin duk aikin da ba a tafa wa ne: komawa baya da gudu, tsare mutum a kwana, sa kafaɗa, sanin inda zai tsaya in an ƙwace ƙwallo. Nan ne yaranmu ke faɗuwa a gwaji. Yaro ya yanke mutum uku, 'yan kallo su yi ihu, koci kuwa ya rubuta cewa ba ya dawowa.

Wannan darasi ba a koyonsa a wasan sada zumunci, ko a kofin da ɗan siyasa ya sa na mako biyu. Sai a gasa mai teburi, wadda ake yi mako bayan mako. Matakalar a bayyane take: gasar jiha, sai NLO (rukuni na uku na ƙasa), sai NNL (rukuni na biyu), sai NPFL. Akadamin da ba ta da rajista da hukumar ƙwallo ta Jihar Kaduna, ba ta da ƙungiyar manya a ɗaya daga waɗannan matakai, ba ta kuma da yarjejeniya da kulob ɗin da ke ciki, to ko a matakin farko ba ta ɗora yaro ba. Ga shi Zariya ba ta da kulob a NPFL, don haka dole sai an fita. Dubi Shola Ameobi: a Zariya aka haife shi a 1981, iyayensa suka koma Ingila yana ɗan shekara biyar, ya taso a akadamin Newcastle, ya fara buga wa manyansu a 2000. A can akadami da babbar ƙungiya gida ɗaya suke, kocin manya na ganin yaro kullum, in wani ya ji rauni sai a ce ya zo benci. A Najeriya ma akwai mai irin wannan tsari: Remo Stars da akadaminsu Beyond Limits a Ikenne, kuma Remo Stars ce ta ɗauki kofin NPFL a 2025.

Hanyar Ahmed Musa ita ta fi kama da abin da ɗan Arewa zai iya bi. Daga akadamin GBS ya buga wa JUTH ta Jos, sannan Kano Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009/2010. Da VVV Venlo ta Holan ta saye shi, sai da ya jira ya cika 18 a Oktoban 2010 kafin ya taka mata leda. Wato ya isa Turai ne da kaka biyu na gumurzu da manya a jikinsa. Kelechi Nwakali kuwa shi ne gwarzon gasar duniya ta 'yan ƙasa da 17 a 2015, Arsenal ta ɗauke shi a 2016, ya yi ta yawon aro har ya bar ta bai buga mata wasan gasa ko ɗaya ba. Victor Osimhen ya ci ƙwallo 10 a waccan gasar, amma a Wolfsburg ko ɗaya bai ci ba, sai da ya sauka Charleroi ta Beljiyam inda ake sa shi kowane mako sannan tauraronsa ya haska. Don haka in kulob biyu na neman yaro, wanda zai sa shi a fili ya fi mai babban suna.

Gurbin da yaro ke bugawa ma yana da tasiri, kuma akadamin ba sa gaya wa iyaye. Ɗan gefe mai gudu ana iya jefa shi a minti goma sha biyar na ƙarshe, in ya yi kuskure ba a mutu ba. Ɗan baya na tsakiya da gola kuwa kuskurensu ɗaya ƙwallo ce a raga, shi ya sa suke daɗewa a benci. Kowane yaro lamba 10 yake so, alhali ɗan baya na hagu mai ƙafar hagu nemansa ake yi. Zaidu Sanusi, ɗan Jega, ta wannan gurbi ya bi ƙananan kulob na Fotugal, Mirandela da Santa Clara, har ya kai Porto a 2020.

Sai takardu, inda sakaci ya fi yawa. A ƙa'idar FIFA, tarihin ɗan wasa yana fara ƙirguwa daga shekara 12, kuma kulob ɗin da yake da rajista da shi kaɗai ake rubutawa. Da wannan tarihi ake biyan kuɗin horo in ya sa hannu a kwantiraginsa na farko a waje, da shi kuma ake raba kashi 5 cikin 100 na kuɗin sayensa ga waɗanda suka rene shi daga 12 zuwa 23. Akadamin da ba ta yi wa yaro rajista ba ta yi asarar haƙƙinta, shi ya sa wasu ke ƙoƙarin cike giɓin da takardar hannu: "Alhaji, sa hannu nan, rabin duk abin da aka saye shi nawa ne." Kada a sa. Tun 2015 FIFA ta haramta wa wani mutum can daban mallakar kaso a kuɗin sayar da ɗan wasa, sai dai kulob ɗin da ya taɓa yi masa rajista. Kwantiragin ɗan ƙasa da 18 kuma ba ya wuce shekara uku. Duk takardar da aka sa wa hannu, uba ya karɓi kwafinsa, ya kai wa lauya ya karanta kafin, ba bayan ba.

Rage shekaru shi ne mugun gatan da ake yi wa yara. Tun 2009 ake ɗaukar hoton wuyan hannu da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17, in ƙashin ya gama haɗewa an cire yaro. A 2016 'yan wasa 26 aka sallama daga sansanin Golden Eaglets, tawagar Najeriya ta 'yan ƙasa da 17, a kan wannan gwaji. Ko an tsallake na'ura, ranar haihuwar da ke takardar haihuwa da NIN da fasfo da WAEC in ta saɓa, kulob na waje ja da baya yake yi. A bar yaro da shekarunsa na gaskiya, a daidaita takardun tun yana ƙarami.

Mai zuwa da wasiƙar gayyata daga Turai yana neman kuɗin biza da na jirgi, a tambaye shi lambar lasisinsa na ejan 'yan wasa daga FIFA a duba a shafin hukumar, a kuma tuntuɓi kulob ɗin ta adireshin da ke shafinsa, ba ta lambar da ejan ya bayar ba. In yaron bai kai 18 ba ma maganar ta mutu, domin dokar FIFA ta hana a kai shi kulob a wata ƙasa sai da wasu dalilai ƙalilan, kamar iyayensa su ƙaura don abin da bai shafi ƙwallo ba. Da a sayar da gona a kan wasiƙa, gara a kashe kaɗan a kan bidiyo mai kyau: a ɗauki cikakken wasa daga wuri mai tudu, waya a kwance a kan sanda, lambar rigar yaro na fitowa. Masu farautar 'yan wasa sun fi yarda da wannan fiye da guntayen yanka na minti biyu da aka sa wa kiɗa.

Kafin a sayi fom, uba ya zauna da koci ya tambaye shi cikin mutunci: Koci, ina takardar rajistarku? Wace gasa kuke bugawa bana? A cikin yaran da suka bar hannunka shekara uku da suka wuce, su wa ke NLO ko NNL yanzu? Mai gaskiya zai kira sunaye biyu ko uku, ya kuma faɗa maka sauran sun koma makaranta ko kasuwa. Irin wannan kocin a riƙe shi, a biya shi a kan lokaci, a taimaka masa da ƙwallaye. Amma ko a hannunsa, in yaro ya kai 16 kuma yana fin tsaransa a fili, lokaci ya yi da za a nema masa ƙungiyar manya mai buga gasa, ko a Kaduna ne ko Kano ko Katsina, da sharaɗin zai rubuta jarrabawarsa ta gama sakandare. In ya yi kaka biyu a can bai zama ɗan sha ɗayan farko ba, a zauna da shi a sake lissafi tun shekarun neman gurbi a ABU ko koyon sana'a ba su wuce shi ba.