Hattara da dillalan inshorar lafiya na bogi, ku masu shirin ƙaura zuwa ƙasar waje

Jama'a, duk mai haɗa takardun tafiya ƙasar waje, ko karatu zai je ko aiki ko bin iyali, ya yi hattara da masu tallar inshorar lafiya a WhatsApp da Facebook. Sukan ce su wakilan manyan kamfanoni ne, su kira farashi mai rahusa, su ce ka tura kuɗin yau domin gobe garaɓasar ta ƙare. Kafin awa guda sun turo maka takarda mai tambarin kamfani, da sunanka, da lambar inshora.

Wata takardar ƙirƙirarta aka yi a kwamfuta. Wannan mai sauƙin ganewa ce. Wadda ta fi haɗari ita ce ta gaske. Dillalin zai sayi inshorar da sunanka daga kamfani na haƙiƙa, ya turo maka shaidar, ka kai ofishin jakadanci ta wuce lafiya lau. To a Ingila da ƙasashen Tarayyar Turai, mai sayen inshora yawanci yana da kwana 14 da zai iya soke ta a mayar masa da kuɗinsa. Da yake imel ɗinsa da katin bankinsa ya sa, sai ya soke abinsa shiru, kamfani ya mayar masa, ya haɗa da naka ya lamushe. Kai kana can da takarda a jaka kana ganin kana da kariya, ba za ka sani ba sai ranar da aka kwantar da kai, asibiti ya duba lambar ya ce ta mutu tuntuni.

Akwai kuma masu sayar da inshorar baƙon 'yan kwanaki a matsayin ta mazauni. Bizar Shengen ta ziyara, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, tana buƙatar inshorar da za ta ɗauki aƙalla Yuro 30,000, amma ta gaggawa ce da mayar da mara lafiya gida. Galibi ba ruwanta da awon ciki, ko hawan jini, ciwon suga da sikilar da ka zo da su. Wanda zai zauna a Jamus, inda doka ta wajabta wa kowane mazauni inshorar lafiya, wannan ba za ta kai shi ko'ina ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu karɓar kuɗin abin da ba a hannunsu yake ba. Mai neman bizar zama a Ingila yana biyan kuɗin kiwon lafiya ga gwamnati kai tsaye lokacin cike takardar biza, fam 1,035 a shekara ga yawancin manya, 776 ga ɗalibai, tun Fabrairun 2024. Babu wata inshorar dillali da ke maye gurbinsa. A Dubai da Saudiyya kuwa, nauyin inshorar ma'aikacin kamfani yana kan wanda ya ɗauke shi aiki. Idan mai nemo maka aikin ya ce ka biya shi kuɗin inshora, tambaye shi ina kuɗin za su.

Kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya, komai daɗin bakinsa. Ka biya a shafin kamfanin da kanka, imel ɗinka da lambar wayarka su kasance a kan rajistar. Idan ka riga ka saya ta hannun dillali, nemo lambar kamfanin daga shafinsu, ba wadda ke jikin takardar ba, domin ita ma sukan sauya ta. Ka karanto musu lambar inshorar, ka tambayi sunan wa take, wa ya biya, yaushe za ta ƙare. Bayan mako uku ka sake kira, lokacin damar sokewar ta wuce.