Bitar windows.timers na Volatility 3: yana gano mai taima, amma ba kullum ba

Masu gyaran kwamfuta a Jidda da masu kula da na'urorin kamfanoni a Riyad sun san irin wannan koken: kwamfuta tana yin wani abu a kai a kai, a duba Task Manager babu komai, manhajar riga-kafi kuma ta ce lafiya lau. Wani lokaci mai laifin yana can cikin kanel, wato zuciyar Windows, ya ɗaura taima, wato agogon ƙidayar lokaci, tana tashe shi. Muggan manhajoji irin su ZeroAccess da Rustock da Stuxnet duk sun yi amfani da wannan dabara. A nan ne windows.timers, wani umarni na Volatility 3, manhajar binciken abin da ke cikin RAM, ke da amfani, kuma kyauta ne, da Python 3 yake aiki.

Da farko a ɗauki hoton RAM, wato kwafin duk abin da ke cikinsa, da manhajar WinPmem ko DumpIt a zuba a faifan waje, kada a kashe na'urar. RAM mai giga 16 zai ba da fayil mai kusan wannan girman, don haka filashin FAT32 ba zai ɗauka ba, iyakarsa giga 4. Sai a rubuta python vol.py -f ram.raw windows.timers. Karon farko yana son intanet domin ya sauko da alamomin kanel, wato bayanan da ke nuna masa inda komai yake a kanel, daga sabar Microsoft. Idan ofis ya toshe hanyar, aiki ya tsaya cik.

Abin da yake yi shi ne bin teburin taimomi na kowace furosesa, tun daga Windows 7 a cikin KPRCB suke, wato ma'ajiyar bayanan kanel ta kowace furosesa. Kowace taima, wato KTIMER, tana nuni zuwa wani tsarin bayanai mai suna KDPC, shi kuma yana riƙe da adireshin aikin da za a kira idan lokaci ya cika. A Windows mai bit 64 an rikita wannan manuni da wasu lambobi biyu na kanel, KiWaitNever da KiWaitAlways, Volatility ke warware shi da kansa, kuma wannan kaɗai ya isa a yaba masa. Daga nan sai ya duba adireshin ya faɗa cikin iyakar wane direba, wato manhajar da ke aiki a cikin kanel, ya rubuta sunan a layin Module. Period, wato tazarar maimaita bugun taima, a milisakan yake, 60000 minti ɗaya ke nan, 0 kuma bugu ɗaya ne. DueTime, wato lokacin da taimar za ta buga, ba agogon bango ba ne, kada ka tsaya ƙara masa awa uku na Saudiyya.

Idan adireshi bai faɗa cikin kowane direba ba, to ka buɗe ido. Gwada windows.modules da windows.modscan: direban da na biyun ya gani amma na farkon bai gani ba, mai yiwuwa an zare shi daga jeri ne, ko da yake ragowar direban da aka sauke ma yana fitowa haka.

Rauninsa yana nan inda sunan ya fito tsaf. Direbobin da aka gina kan KMDF, tsarin Microsoft na gina direbobi, suna ɗaura taima ta hannun Wdf01000.sys, na katin sadarwa kuma ta hannun ndis.sys, sai ka ga sunan ɗan aike, wanda ya aiko shi yana ɓoye. Haka taimomin manhajoji na yau da kullum, duk ntoskrnl.exe za su nuna. Dole ka bi DeferredContext, wato bayanin da KDPC ke miƙa wa aikin, da hannu a volshell na Volatility, ko ka koma WinDbg, manhajar bincike ta Microsoft, da umarnan "!timer" da "lm a". Sunan direba mai sa hannun kamfani ma ba shedar gaskiya ba ce: mugun shirin Shamoon da ya afka wa Aramco a 2012 da halastaccen direba, RawDisk, ya goge faifai.

Sannan hoto ne na daƙiƙa guda. Taimar da aka soke kafin ɗauka ba za ta fito ba, kuma na'ura mai aiki sosai tana sauya shafukan RAM ana tsakiyar kwafa, jerin ya tsinke. Ɗauki hoto biyu da tazarar mintuna ka gwada.

Ga mai binciken kutse, ya cancanci zama umarni na uku ko na huɗu da zai buga. Mai neman abin da ke shan batir ko sa sauti na yankewa kuwa, powercfg /energy da LatencyMon sun fi masa sauƙi. Fayil ɗin RAM yana ɗauke da kalmomin sirri da bayanan kwastoma, kuma dokar kare bayanan mutum ta Saudiyya ta fara aiki gadan-gadan tun Satumban 2024, saboda haka a nemi izinin mai na'ura a rubuce, a goge fayil ɗin bayan an gama.