Digirin digirgir a ilimin halayyar ɗan Adam: gida ko Amurka?

Wata uku ke nan ƙanwata tana kai-komo tsakanin hanyoyi biyu. Ranar Asabar na iske ta a falonmu na Unguwar Rimi, takardu baje a tabarma, shayi ya huce a gefe.

A gida Najeriya sai kana da digiri na biyu mai maki mai kyau, da shaidar bautar ƙasa, da tsarin binciken da kake son yi. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da sashen ilimin halayyar ɗan Adam ta fuskar koyarwa, Jami'ar Jos kuma na da sashen fannin kansa. Daga Kaduna zuwa Zariya tafiyar kamar awa ɗaya ce, ga 'ya'yanta, ga aikinta. Amma kuɗin makaranta da kuɗin bincike duk daga aljihunta za su fito, kuma komai ya rataya ga malamin da zai duba aikin.

Amurka kuwa ana iya shiga da digiri na farko. Yawanci a farkon Disamba ake rufe karɓar takardu, ana neman wasiƙun shaida uku daga malamai. Wanda aka ɗauka sau da yawa ana yafe masa kuɗin karatu, har a ba shi alawus, sai dai gurbin kaɗan ne, karatun kuma shekara 5 zuwa 7 ne.

Na ce mata, "Ke dai, binciken naki kan matan da rikici ya raba da gidajensu ne, da Hausa za ki yi hira da su. Ni Jos nake so miki."